Lambar nan mai alƙaluma miliyan 41, waye ya raba ta har ya ga ba ta rabuwa?

Sagir_Kwari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masana lissafi na gidan nan ku zo ku warware min wani abu da ya tsaya min a rai. Na karanta cewa a watan Oktoba na 2024 wani Ba'amurke mai suna Luke Durant ya gano lamba mafi girma da aka sani wadda ba ta rabuwa da komai sai 1 da ita kanta, irin wadda ake ce wa firam namba. Wai ka jera 2 guda 136,279,841 ka yi ta ninka su da juna, in ka gama ka cire 1. An ce in aka rubuta ta alƙalumanta 41,024,320 ne. To ni tambayata waye ya zauna ya raba ta da kowace lamba har ya ga ba ta rabuwa? A ganina dai kintace aka yi da kwamfuta aka ce mana tabbas ne. Lambar da ko rubuta ta mutum ba zai iya ba ta yaya zai san halinta?

Maman_Ilham:
Wa'alaikumus salam. Miliyan 41 ɗin ita ce lambar ko me? Ai miliyan 41 ba wani girma ba ne

Abba_Kwamfuta:
A'a Anti, tsawonta kenan. Kamar yadda 1,000 take da alƙaluma 4, miliyan ɗaya take da 7, to ita wannan nata 41,024,320 ne. In za ki rubuta alƙalami ɗaya duk sakan ɗaya, ba ci ba sha ba barci, sai kin yi kwana kusan 475 kina rubutu. In a takarda ne kuma kowane shafi ya ɗauki alƙaluma 3,000 sai an ci shafi sama da 13,600.

Maman_Ilham:
Ikon Allah!

MalamTanko_Zariya:
Malam Sagir tambayarka tana kan hanya, kuma gaskiyarka ne ba wanda ya raba ta da kowace lamba, ba ma wanda zai iya har duniya ta naɗe. In ta hanyar rabawa za a bi sai an gwada har zuwa lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka ita, wannan kuwa tsawonta ya haura alƙaluma miliyan 20. Masana suna ƙiyasta ƙwayoyin zarra na duk sararin da ake iya hange da lamba mai alƙaluma kamar 80 kacal, ka ga ba a ma fara maganar ba.
Amma inda ban yarda da kai ba shi ne cewa sai an rubuta lamba ake sanin halinta. Yau Juma'a ce a ce, bayan kwana miliyan ɗaya wace rana za ta kama? Ba sai ka ƙirga ba, ka raba miliyan da 7 saura 1, Asabar kenan. To haka ita ma. Dubi ƙarshen ninkin 2: 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256. Alƙalamin ƙarshe yana zagayawa ne 2, 4, 8, 6, 2, 4, 8, 6 duk bayan huɗu. Raba 136,279,841 da 4 saura 1, kenan a kan 2 ta tsaya, ka cire 1, lambar da 1 ta ƙare. Ni ban taɓa ganinta a rubuce ba amma ko rantsuwa zan iya yi a kan wannan.

Ummi_Lissafi:
Baba Tanko bari in ɗora. Alƙaluma ukun ƙarshe su ma zagayawa suke duk bayan 100, saboda haka ƙarshenta iri ɗaya ne da na 2^41. Kalkuletar waya ta ba ni 2,199,023,255,552, a cire 1, da 551 ta ƙare. Kuma in ka raba ta da 3 saura 1, da 7 saura 3, da 9 saura 4. Wato in wani mai haƙuri ya tara alƙaluman nan miliyan 41 duka, ya sake tara na amsar, ya yi ta yi har ya rage guda ɗaya, 4 zai samu

Abba_Kwamfuta:
Na sauke fayil ɗin, wajen megabayit 41 ne in an buɗe. Wlh da 551 ta ƙare kamar yadda Ummi ta faɗa. Farkonta kuma 881694

Sagir_Kwari:
Toh na ji wannan kuma ya burge ni. Amma Malam sanin ƙarshen lamba daban, sanin cewa cikin duk lambobin duniya ba wadda za ta raba ta daban. Kun kawar da 3 da 7 da 9, saura nawa?

Dan_Damagaram:
Ni abin da na sani tun a makaranta shi ne duk lokacin da lambar saman ta zama firam to 2 pawa ita a cire 1 ma firam ce. 2^3 a cire 1 bakwai, 2^5 a cire 1 talatin da ɗaya, 2^7 a cire 1 shi ne 127. Kenan 136,279,841 kawai za a duba, ita kuwa ƙarama ce, ko waya za ta iya.

Ummi_Lissafi:
Yaya ba haka ba ne fa. Gwada 11. 2^11 shi ne 2048, a cire 1 saura 2047, kuma 23 sau 89 shi ne 2047. Dokar ta gefe ɗaya take aiki, in lambar saman tana rabuwa to tabbas amsar ma tana rabuwa, kamar 2^4 a cire 1 da ya ba da 15, ko 2^6 da ya ba da 63. Amma in ba ta rabuwa ba ka da tabbacin komai sai ka gwada. Da haka ne da sauƙi ai da ba guda 52 kaɗai aka sani ba zuwa yau.

Dan_Damagaram:
To shi Mersenne ɗin da ake kiran lambobin da sunansa me ya gano kenan in ba wannan ba?

MalamTanko_Zariya:
Marin Mersenne malamin coci ne a Faransa, ya rasu 1648. A 1644 ya fitar da jerin lambobin saman da ya ce su ne ke ba da firam daga 2 zuwa 257: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127, 257. Ka ga shi ma ya san 11 ba ta ciki. Sai dai ya yi kuskure a 67 da 257, kuma ya tsallake 61 da 89 da 107. Abin da nake so Malam Sagir ya lura da shi yana nan wajen 67. A 1876 Édouard Lucas, shi ma Bafaranshe, ya nuna cewa 2^67 a cire 1 tana rabuwa, amma bai san da wace lamba take rabuwa ba. Sai 1903 wani farfesa a Amurka, Frank Nelson Cole, ya fito gaban taron masana lissafi a New York ya rubuta 193,707,721 sau 761,838,257,287 a allo ya ninka da hannu, amsar ta fito daidai. Shekara 27 kenan an san tana rabuwa kafin a ga masu raba ta. Wato akwai hanyar sanin lamba tana rabuwa ko ba ta rabuwa da ba ta bi ta kan rabawa ɗaya bayan ɗaya, kuma da aka zo aka duba ba ta yi ƙarya ba. Shi Lucas ɗin a shekarar dai ya tabbatar 2^127 a cire 1 firam ce, alƙaluma 39, da hannu, ba inji.

Sagir_Kwari:
Wace hanya ce Malam? A nuna mana a ƙasa mu gani

MalamTanko_Zariya:
Ana ce mata gwajin Lucas da Lehmer, don Derrick Lehmer ne ya kammala ta a 1930. Ɗauko biro.
Mu gwada 31, wato 2^5 a cire 1. Ka fara da 4. Kowane taki ka ninka abin da ke hannunka da kansa, ka cire 2, ka raba da 31, ka riƙe saura kawai. Yawan takun shi ne lambar sama a cire 2, a nan 3 kenan.
4 sau 4 a cire 2, 14.
14 sau 14 a cire 2, 194, a raba da 31 saura 8.
8 sau 8 a cire 2, 62, a raba da 31 saura 0.
In taki na ƙarshe ya faɗo a sifili lambar firam ce, in bai faɗo ba tana rabuwa. Shi kenan dokar. A babbar lambar ma abin da aka yi kenan, illa takun 136,279,839 ne kuma kowane taki ninka lamba ce mai alƙaluma miliyan 41 da kanta. Aiki ne mai nauyi amma yana da ƙarshe, inji zai gama shi, saɓanin rabawar da ka ce wadda ba ta da ranar ƙarewa.

Ummi_Lissafi:
Na yi na 2047 da muka san tana rabuwa don a ga bambanci, taki 9 ne: 4, 14, 194, 788, 701, 119, 1877, 240, 282, 1736. Bai faɗo a sifili ba. Kuma ku lura bai gaya mana 23 ko 89 ba, ce mana kawai ya yi tana rabuwa

Hajiya_Gwammaja:
Ni duk wannan ba shi ya dame ni ba. An ce mutumin nan kusan dala miliyan 2 ya kashe kan lamba ɗaya, ladan da ya samu kuma dala 3,000. Dan Allah ina amfaninta? Magani take yi ko abinci? Ga marayu ga marasa lafiya ko a can ƙasar tasu. Ni a wurina almubazzaranci ne, a yi min afuwa.

Injiniya_Bello:
Hajiya ai da irin waɗannan lambobin ake tsare kuɗinki a banki, duk tiransifa da kika yi firam namba ce ke kulle ta

Abba_Kwamfuta:
Injiniya ka yi haƙuri amma wannan amsar da ake yawan bayarwa rabin gaskiya ce. Tsarin kulle bayanai na RSA yana amfani da firam namba, e, amma masu alƙaluma kamar 300 ne, guda biyu a ninka su, kuma sirrin shi ne ba wanda ya san su. Ita wannan duk duniya an san ta, ga ta a wayata ma, kuma ta yi girman da ba za a kulle komai da ita ba. Gara mu faɗa wa Hajiya gaskiya, ita kanta lambar ba ta da wani aiki a yau.
Abin da ya yi amfani shi ne kayan farautar. Manhajar Prime95 da George Woltman ya rubuta, wanda ya kafa GIMPS a 1996, wato ƙungiyar 'yan sa kai masu farautar waɗannan lambobin da kwamfutocinsu, da ita masu haɗa kwamfuta suke gwada ko injin zai jure zafi da nauyin aiki, don kuskure ɗaya tak cikin lissafin yana lalata amsa. A farkon 2016 ita ta tono matsala a firosesan Intel na Skylake, kamfanin ya amsa ya fitar da gyara. Ƙananan 'yan uwanta kuma suna aiki, 2^19937 a cire 1 a kanta aka gina hanyar da Python, harshen rubuta manhaja, take fitar da lambobin ƙuri'a.

Hajiya_Gwammaja:
Toh na gode ɗana da ka faɗi gaskiya. Amma har yanzu miliyan 2 ta yi yawa

MalamTanko_Zariya:
Hajiya ba zan ce ki canza ra'ayi ba, kuɗin da yawa kam. Abin da zan ce kawai neman sanin halin lamba don ita kanta ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sabitu ɗan Ƙurra a Bagadaza tun ƙarni na 9 ya fitar da doka kan lambobi masu ƙawance irin 220 da 284, waɗanda in ka tara masu raba ɗaya sai su ba ka ɗayar. A nan gida ma Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a 1732 kan yadda ake tsara hatimi mai gidaje mara, ta ko'ina ka tara jimla ɗaya. Ba wanda ya tambaye su abinci nawa zai fito. Durant ɗin ma ya ce dala 3,000 ɗin sashen lissafi na makarantar da ya yi a Alabama zai ba.

Dan_Damagaram:
Malam wannan na tara masu rabawa ya tuna min da cikakkun lambobi, 6 da 28. 1+2+3 shida, 1+2+4+7+14 ashirin da takwas. An ce suna da alaƙa da wannan maganar

Ummi_Lissafi:
Sosai ma. Ɗauki firam ta Mersenne ka ninka ta da rabin lambar da ke gaba da ita. 3 sau 2 shida, 7 sau 4 28, 31 sau 16 496, 127 sau 64 8128. Euclid ne ya nuna hakan, Euler kuma ya zo a ƙarni na 18 ya nuna duk cikakkiyar lamba da ke rabuwa da 2 ta wannan hanyar kaɗai take fitowa. Kenan ranar da aka gano ta Durant an samu sabuwar cikakkiyar lamba kyauta, mai alƙaluma sama da miliyan 82, kuma mun san masu raba ta duka ba tare da mun rubuta ko ɗaya ba. Abin da ke ba ni mamaki shi ne har yau ba wanda ya iya nuna akwai cikakkiyar lamba mara ko babu, tambayar da ɗan firamare zai fahimta ta gagari kowa shekara sama da dubu biyu

Aminu_JS3:
Dan Allah ita ce lamba ta ƙarshe da ba ta rabuwa? Bayanta duk suna rabuwa?

Injiniya_Bello:
A'a ƙanina, ba su da ƙarshe. Ka ninka duk firam ɗin da ka sani ka ƙara 1, sabuwar firam za ka samu. 2×3×5 ka ƙara 1, 31.

Ummi_Lissafi:
Gyara kaɗan Injiniya, ba dole ita kanta ta zama firam ba. 2×3×5×7×11×13 a ƙara 1 shi ne 30031, kuma 59 sau 509 ne. Abin da hujjar ta ce shi ne ba ɗaya cikin na jerinka da zai raba ta, don kowanne saura 1 zai bari, saboda haka dole akwai wata firam a wajen jerin, kamar yadda 59 da 509 suka ɓullo. Aminu amsar dai ba ta canza ba, ba su da ƙarshe. Amma ko irin na Mersenne ɗin su ma ba su da ƙarshe, wannan ba a tabbatar ba tukuna.

Sagir_Kwari:
Ku dawo da ni kan tambayata dan Allah kun yi nisa. Na zauna na yi na 127 da kaina, 4, 14, 67, 42, 111, 0, ya fito. Na yarda gwajin ya ci a 31 da 127 ya kuma kama 2047. Amma abu biyu. Na farko me ya haɗa wannan ninke-ninken da rabuwa, me ya sa sifili zai zama shaida? Ko Dan_Damagaram dokarsa ta ci sau uku kafin ta faɗi a 11. Na biyu inji ne ya yi taki miliyan 136, in ya yi tuntuɓe a guda ɗaya waye zai sani?

MalamTanko_Zariya:
Madalla, yanzu ka zo inda maganar take. Bambancin shi ne ta Dan_Damagaram lura ce da misalai, ita kuwa wannan an kafa mata hujja da ta shafi kowace lambar sama, ba a dogara da cewa ta ci sau nawa ba. Hujjar ba ta da tsawo, ɗalibin lissafi a jami'a zai iya binta layi-layi. Gundarinta shi ne a ɗauka akwai wata ƙaramar firam da ke raba lambar, sai a nuna in jerin ya faɗo a sifili to zagayen da yake yi ya fi ƙarfin gidajen da ƙaramar lambar take da su, ba zai shiga ba, kenan babu ita. Ba sai ka yarda da ni ko da Lehmer ba, a buɗe take ga duk mai son bi.

Abba_Kwamfuta:
Na biyun ni zan amsa. Tuntuɓe yana faruwa, shi ya sa ba a yarda da inji ɗaya. Ranar 11 ga Oktoba wani injin NVIDIA A100 a Dublin ta ƙasar Ayalan ne ya fara cewa da alama firam ce, da wani gwajin daban na Fermat, wanda shi kam alama yake bayarwa mai ƙarfi, nan ne kintacen da kake zargi yake. Washegari 12 ga wata wani H100 a San Antonio ta Texas ya yi na Lucas da Lehmer ya faɗo a sifili. Sannan wasu mutane daban suka sake yi da manhajoji daban a kan injina daban kafin a sanar ranar 21 ga wata. Kuma ka duba, in inji ya yi kuskure shirme zai fitar, lamba mai alƙaluma miliyoyi, da wuya ƙwarai kuskure ya kai ka sifili cif, balle a ce injina da yawa su yi kuskuren da zai kai su wuri ɗaya.

Sagir_Kwari:
Na gamsu da na Malam Tanko ko da ban iya bin hujjar ba, tunda akwai masu iya bi. Na injin ne dai har yanzu ban saki jiki ba. Lucas da hannunsa ya yi, wani zai iya zama ya bi bayansa. Wannan kuwa ba ɗan Adam ɗin da zai taɓa bin takun da idonsa, shaidar inji muka karɓa, ko da injinan goma ne. Ni ina ganin akwai tazara tsakanin "an tabbatar" da "injina sun yi ittifaƙi".

Ummi_Lissafi:
Yaya Sagir ai ko Lucas ɗin hannu yana kuskure fiye da inji. Ni na fi natsuwa da injina daban-daban da suka ba da amsa ɗaya a kan mutum ɗaya da fitila

Sagir_Kwari:
Ba musu, amma kuskuren mutum mutum zai iya kamawa

Aminu_JS3:
Ni ma zan iya shiga neman? Akwai laftof ɗin yayana

Abba_Kwamfuta:
Kowa zai iya, kyauta ne, ka sauke manhajar GIMPS su ba ka lambar sama ka gwada. Wadda ta riƙe kambun kafin wannan, 2^82,589,933 a cire 1, wani mai aikin kwamfuta ne a Florida, Patrick Laroche, ya samo ta a Disamban 2018 da kwamfuta ta gama-gari. Kuma ƙungiyar EFF ta Amurka, mai kare 'yancin masu amfani da intanet, ta ajiye dala 150,000 ga wanda ya fara samo mai alƙaluma miliyan 100. Amma Aminu ka sani gwaji ɗaya a laftof makonni yake ɗauka injin yana aiki ba tsayawa, zai yi zafi ya ci batir, in ba ku da sola kar ka ƙona wa yayanka kaya. Ka nemi izininsa tukun.

MalamTanko_Zariya:
Aminu kafin laftof ɗauki biro ka yi min na 8191, wato 2^13 a cire 1. Taki 11 ne. Ka turo jerin a nan.

Aminu_JS3:
4, 14, 194, 4870, 3953, 5970, 1857, 36, 1294, 3470, 128, 0. Malam ya fito sifili! Da kalkuleta na yi ninkin amma. In yi na 17?

MalamTanko_Zariya:
Yi, 131,071 ce, taki 15. In ka gama ka gwada 23 ka faɗa mana abin da ka gani.